Ƙyallen da Na Ɗaure Ƙararrawa da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata, Mai Sunan Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki da hankalinki a jikinki. Allah Ya tsare miki hanyar Bassam, garin da aka ba ki sabon matsayi, Ya tsare ki a ɗakin da kika kama, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari, Ya raba ki da sharrin mota da na ruwa da na bakin mutane.

Za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana a Treichville, kwano ɗaya muke sa hannu, sai ga wasiƙa a kan akwatinki. Ke 'yar fari ce. Shekara ashirin da shida ban kira sunanki ba, ban zaunar da ke na dube ki ido cikin ido ba. Haka aka rene ni a Maraɗi, haka na zo da shi Abidjan. Jiya Asabar sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinki kina haɗa kaya. Na farko na ce almakashi nake nema. Na biyu na tambaye ki ko kin sa man shafawa. Na uku labule kawai na gyara na koma. To, baki ya ƙi, bari hannu ya gwada. Na san Faransanci ya fi miki sauƙi, amma nawa na kasuwa ne, na ciniki da gaisuwa, ba zai ɗauki wannan kaya ba. Ki karanta a hankali. Inda kika kakare kada ki kira ƙanwarki Habsu ta taya ki, wannan tsakanina da ke ne.

Aikinki na fahimce shi fiye da yadda kike zato. Kin taɓa yi wa mahaifinki bayani, Allah Ya jiƙansa, ina gefe ina tsintar shinkafa. Kika ce kamfanoni yanzu ba sa ajiye takardunsu da odar kayansu a ofis, haya suke kamawa cikin wasu manyan injina, abin da kuke kira kulawud, wasu a Bassam, wasu a ƙasashen da ba ki taɓa takawa ba. Ku kuma kuna zaune a Plateau gaban allo kuna gadi: wane inji ya yi zafi, wane ya kusa cika, wane ya tsaya. In abu ya fara lalacewa, ƙararrawa ta yi kuka a salularku. Mahaifinki ya yi dariya ya ce, "Ashe sana'ar uwarki kika gada." Gaskiya ya faɗa. Shekara goma sha huɗu na yi ina ajiye wa mutane kaya a firiza biyar a Adjamé: kifin masu kifi, kajin masu gidan abinci, bisap, wato zoɓon matan bakin tasha. Kayan ba nawa ba ne, sanyin ne nawa. Ke ma kayan ba naki ba ne.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya sati uku ke nan. Na san abin da ya faru ranar addu'ar shekarar mahaifinki.

Ranar ke ce da gadi, amma abokin aikinki Kuwame ya karɓar miki, kamar yadda kuka saba, shi ya riƙe muku Juma'a da salla, ku ku riƙe masa Noël, Kirsimetinsu. Aka sa sunansa a takardar gadi. Da safe ma ya biyo da ruwan leda buhu biyu, ya durƙusa ya ce, "Yako, Maman," gaisuwar ta'aziyyarsu, sannan ya wuce ofis. Amma salularki ba ta san an yi musaya ba. Malamai na tsakiyar karatu ta ɗauki wannan kuka nata mai tsinka zuciya, wanda kika ce an yi shi don ya ratsa ko da an rufe bakin wayar. Sau ɗaya, sau biyu. A na uku liman ya ɗaga kai. Ni kuma na juyo, ban dube ki ba, na ce, "A kashe abin nan."

Ranar Larabar da ta biyo kina madafa da Habsu kuna magana da Faransanci, ina tsakar gida ina wanke wake. Kun ɗauka ba na bi. Kika ce wannan ƙararrawar kullum kukan banza take yi, ta yi ta yi ta bari da kanta, kowa ya gaji da ita. Kika ce an hana ki kashe salula gaba ɗaya, sai kika shiga da mabuɗin nan guda da ku duka kuke amfani da shi, kika toshe ƙararrawar daga tushe, ga kowa da kowa, da niyyar buɗewa in an shafa fatiha. Baƙi suka cika gida, aka shiga rabon abinci, kika manta. Kuwame na zaune gaban allo, komi shiru. A wannan karon kukan na gaskiya ne. Inji ya cika ya tsaya, odar kwana biyu ta kamfanin da ke raba magani ga shagunan magani ta salwanta. Da aka bincika, aka ga an toshe ƙararrawa da mabuɗin kowa, a lokacin gadin Kuwame. Yana rantsuwa ba shi ba ne, ba mai saurarensa. Habsu ta ce, "To ki faɗa mana." Kika ce, "In na faɗa, Bassam ta tafi."

Na zubar da ruwan waken a kan ƙafata ban sani ba.

Kuskurena da zan fara da shi a wannan magana shi ne na baya-bayan nan. Na ba da umurni a kan abin da ban sani ba, don kunyar liman. Da na ce, "Fita waje ki duba," da ba mu zo nan ba. Kin girma kina jin maganata sau ɗaya, ba na maimaitawa, shi ya sa ba ki tsaya ba. Ki riƙe wannan: a Bassam za a sami manya da za su ce miki a kashe abin nan, yana damun mu, muna taro. Ki girmama su, ki tashi da wayarki ki fita waje, ki duba. Girman mutum ba ya sanyaya inji.

Na ajiye biro nan na je na sauke tukunya, na dawo na rasa ta inda zan ci gaba. Bari in koma baya, ko da ƙananan ne in fara da su, hannuna ya saba.

Shekarata ta biyu a Adjamé na sayi gurup na hannu, wato janareta, a kasuwar Black Market, don ranar da za a ɗauke kuran, wutar lantarki. Na lulluɓe shi da tampol a ƙuryar shago. Duk wadda ta zo kawo ajiya sai in ɗaga gefen tampol in ce, "Kin gani, ko an ɗauke wuta kayanki lafiya." Wata takwas ina nuna shi, ban taɓa tayar da shi ba. Ina tsoron ɓarnar mai, kuma mai sayarwa ya tayar a gabana ranar da na saya, me ya rage? Sai wata rana cikin damina aka ɗauke kuran tun hantsi. Muka ja igiya har kafaɗa ta yi ciwo. Ɓeraye sun cinye waya, man ciki ya zama kamar kunu. Da ƙanƙarar masu kifi muka tsira, ina bin su ɗaya ɗaya ina roƙo, zani ya jiƙe sharkaf. Na ji kin gaya wa Habsu cewa kwafin ajiya ma da kuka dogara da shi, da aka buɗe, tsoho aka tarar, ya daɗe da daina ɗauka ba wanda ya lura. Wannan gurup ɗina ne a ƙarƙashin tampol. Abin da kika tanada don mugunyar rana, ki tayar da shi a rana mai kyau. Ki sa masa rana, kamar yadda nake wanke randa kowace Alhamis ko ruwan ya yi kama da mai tsabta. Ki buɗe kwafin da idonki, ki ga kayan mutane na ciki. In wani ya ce ɓata lokaci ne, ki ce masa uwarki ta taɓa bin masu ƙanƙara cikin ruwan sama.

Na biyu, mabuɗi. Ɗaya ne a shagona, a rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ni na sani, mai taya ni ta sani, tsofaffin abokan ciniki su shida ko bakwai sun sani. Ina ganin wannan shi ne zumunci, kada a ce na mai da mutane ɓarayi. Ranar da ledar kajin wata Hajiya ta koma firizar wata, ba sata ba ce ma, kuskuren ajiya ne, aka yi wata guda mata biyu ba sa gaisawa, kowa na zargin kowa. Mabuɗin kowa ba ya kare kowa. Mai gaskiya ya fi cutarwa, don ba shi da abin da zai nuna ya ce ba ni ba ne. An ce mutum uku za a sa ƙarƙashinki a can. Ran farko ki nemi a yanka wa kowa nasa. Za su ce ba ki yarda da su ba. Ki ce don kina son ki iya tsaya musu ne. Kuma duk abin da kika taɓa, ko na minti biyar ne, ki rubuta wa mai karɓar gadi bayanki. Kan mutum ba littafi ba ne, baƙi goma sun isa su share shi.

An kira la'asar. Zan dawo.

Na dawo, kuma yanzu babu sauran ƙanana da zan ɓuya bayansu.

Kin tuna Akisi? Kina shekara tara lokacin. Doguwar mace, 'yar ƙabilar Bawule, Kirista, wadda ke goya Habsu tana zuba miki acheke na rogo a leda in kin taso lakwal, wato makaranta. Shekara shida tana taya ni a shago. Kin taɓa tambayata ina ta tafi, na ce ta koma wajen danginta. Ban yi miki ƙarya da baki ba, amma ban faɗa miki gaskiya ba.

Wani mai gyara ya haɗa mini 'yar ƙararrawa a bayan babbar firiza, in sanyi ya ragu ta yi tsuwa. Abu mai kyau. Sai dai matan nan in sun buɗe murfi sai sun zaɓa, sun yi hira, sun sake zaɓa, ita kuwa tana ta tsuwa. Kuran ya yi rawa kaɗan, tsuwa. Ina salla, tsuwa. Mai gyaran ya ce in ba shi rabin yini ya daidaita ta, ta riƙa jira kafin ta yi kuka. Na ce sai bayan salla, yanzu cunkoso. Ana jajibirin babbar salla kaina na ciwo, na yagi gefen wani tsohon zanina, shuɗi mai zanen ganye, na cusa auduga a bakin ƙararrawar, na naɗe ta da ƙyallen na ƙulle. Na ce in an rage mutane in kwance. Ban gaya wa kowa ba, don ba na ganin abin faɗa ne.

Ranar salla da yamma mutanenmu suka kawo naman layya, gida goma sha ɗaya. Wani zai aika wa tsohuwarsa, wani ya ajiye wa matarsa da ke asibiti, wata tana jiran ɗanta ya sauka daga hanya. Na cika babbar firiza, na damƙa wa Akisi shago kamar kowace shekara, na tafi gida yin salla kwana biyu. Tana bakin ƙofa tana sayar da ƙanƙara daga ƙaramar firiza. Na ce mata kada ta riƙa buɗe babbar, in akwai matsala ƙararrawa za ta faɗa. Ni na ce mata haka, da bakina. Injin babbar ya mutu tun ranar farko.

Ba zan kwatanta miki warin ba. Mutane suka taru. Kifi in ya lalace a sayi wani, amma ragon layya ba a sake shi sai baɗi. Wani Alhaji, ya rasu yanzu, Allah Ya yafe mana da shi, ya nuna Akisi ya ce, "Hajiya, ke ma da gangancinki. Wanda ba ya layya ina ya san darajarta? Cire waya ta yi ta sa rediyonta." Wata ta ce barci take yi. Akisi tana tsaye hannu a ƙirji tana cewa, "Ba ta yi kuka ba. Ku tambayi Madam, ba ta yi kuka ba." Ta juyo tana dubana.

Ni kuwa na sunkuyar da kai. Ban ce ita ce ba. Wannan na riƙe shekara goma sha bakwai ina lallashin kaina da shi, wai ban yi mata ƙazafi ba. Na ce, "A yi haƙuri, tsautsayi ne." Mutane suka ji abin da suke son ji. Ina tunanin shago, ina tunanin ku biyu, ina tunanin in aka ce Hajiya Zainabu ce ta toshe da hannunta wa zai sake kawo mini ko ƙafar kaza. Daidai abin da kika faɗa wa Habsu, da wasu kalmomi.

Da aka watse na zura hannu bayan firiza in kwance ƙyallen a ɓoye. Babu shi. Audugar ma babu. Daga ranar ban sake samun natsuwa a shagon nan ba. Duk wanda ya dube ni ya daɗe sai in ce shi ne ya ɗauka. Akisi ta zo washegari ta kwashi 'yan kayanta, ta gaishe ni, ta tafi. Shagon da na yi shiru dominsa bai kai shekara uku ba na sayar da shi da kaina, na ce ƙafa ke ciwo.

Ranar Alhamis ɗin nan da Kuwame ya zo yi miki barka da Bassam, ke kika daɗe a ɗaki wai kina neman kallabi. Ni na zauna da shi. Ya kawo miki 'yar fanka a kwali, ya ce ɗakunan can da zafi in iskar teku ta kwanta.

Na ce, "Yaya aikin, ɗana?"

Ya ce, "Ina hutun dole, Maman. Matata ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa ganina da rana haka ba, har ta fara gajiya da fuskata."

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ce, "Litinin ƙarfe tara za su zauna su yanke. Ko in koma, ko in kwashe kayana." Ya juya kofin ruwa a hannunsa. "Abin da ke cina, Maman, har na fara shakkar kaina. Ko na taɓa ban sani ba? Ki sa ni a addu'a, taku tana da ƙarfi."

Na ce to. Ya roƙi addu'a wajen matar da ta ce a kashe.

Juma'a da safe na ce muku zan je gaisuwa. Tashar bato na je, na hau jirgi na haye ruwa zuwa Abobo-Doumé, inda aka taɓa ce mini Akisi na sayar da ƙyafaffen kifi. Shekaru ina da wannan labari ban yi amfani da shi ba. Na same ta ta yi furfura, tana kore ƙuda da kwali. Ta gane ni tun daga nesa.

Ta ce, "Madam Zenabu. Ke ma kin tsufa, Allah Ya yi adalci."

Ta ba ni benci. Na yi gaisuwa har ta ƙare, na sake wata. Sannan na faɗa, duka, da Faransancin kasuwa da ɗan Julanci inda ya ƙi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta sa hannu a ƙugu ta ciro mabuɗin ɗakinta. Ɗaure yake da wani tsumma da ya koɗe har ya kusa zama fari, amma na ga ganyen.

Ta ce, "Tun kafin mutane su taru na gan shi. Da na ji wari, wurin ƙararrawa na fara dubawa."

Na ce, "Me ya hana ki nunawa?"

Ta ce, "In nuna wa wa? Ranar sallarku, a kan namanku, ni kaɗai? Cewa za su yi ni na ɗaura. Yana cikin hannuna ina tsaye, bakinki nake kallo. Na ce Madam mai salla ce, yanzu za ta faɗa. Yanzu za ta faɗa."

Na nemi gafara. Ta ce ta yafe tun tuni, don kanta, don ta iya cin abinci. Sannan ta ce, "Amma ki sani, shekara biyu ba wanda ya ba ni ko kwandon tumatir in riƙe masa a Adjamé. Babbar 'yata a lokacin ta bar lakwal. Ga ta can tana wanke kifi. Da kin zo a satin, da wani abu ne. Yanzu sai dai mu sha ruwa tare." Ta kwance ƙyallen ta miƙo mini ta ce, "Karɓi kayanki, na gaji da ajiya." Har ta ƙara mini kifi biyu a takarda, ta ce in kai wa 'yar nan mai son acheke. Shi kika ci ran Juma'a da dare kika ce ya yi daɗi.

Ƙyallen ne a cikin ambulan ɗin nan. Kada ki wanke shi.

Abin da na koya a kan bencin nan, ɗiyata, gafara tana da lokacin da take gyara abu, tana da lokacin da sai dai ta wanke mai nema. Ni na sami ta biyu. Ke har yanzu ta farko tana hannunki, zuwa ƙarfe tara na safiyar gobe. Toshe ƙararrawa kuskure ne, kowa na yi, ni na yi, kuma in sun yi adalci za su ga mai kukan banza ce da ya kamata a gyara tun tuni, da mabuɗin da bai kamata ya zama na kowa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma shirun da ya biyo baya ba kuskure ba ne, zaɓi ne, kuma kowace safiya sai an sake zaɓensa. Na yi safiyoyin shekara goma sha bakwai, na san nauyinsu. Za ki zauna a Bassam gaban allo, wani ya zo ya ce mun yarda da ke, kayanmu na hannunki, ki tuna Kuwame. Wata rana ɗaya daga cikin mutum ukun nan zai yi nasa kuskuren, ki so ya faɗa miki gaskiya, ki rasa bakin tambaya.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ba hannuna yake ba. Mai yiwuwa su karɓe Bassam. Mai yiwuwa su karɓe har na Plateau. Na juya wannan ta kowane gefe, na tuna shekarun da kika yi kina tashi tun asuba kina kokawar shiga motar gbaka zuwa makaranta, na tuna mahaifinki da yake nuna wa abokansa katin aikinki. Ba da sauƙi nake rubuta wannan ba. In sun karɓe, ɗakinki na nan, na hana Habsu kwashe kayanta zuwa ciki tukuna, tana ta ƙunƙuni. Hannunki ya iya aikin, kuma Allah da Ya ba da wannan ƙofa bai rasa wata ba. Kuwame kuwa 'ya'ya uku gare shi, in aka kore shi da sunan ya toshe ƙararrawa ya yi musu, wa zai sake ba shi kwandon tumatir?

In kin je, kada ki yi dogon zance. Ki faɗi rana, ki faɗi lokaci, ki ce da salulata na yi, ga dalili, na manta ban buɗe ba, na ji tsoro na yi shiru. Kada ki rage, kada kuma ki ƙara wa kanki abin da ba ki yi ba, kwafin da ya tsufa ba ke kaɗai ba ce. Ki fara neman Kuwame kafin a shiga, ya ji daga bakinki shi kaɗai. Duk abin da ya faɗa miki ki tsaya ki ji, haƙƙinsa ne.

Tasha biyu ce a unguwar nan. In kin fita da akwati kika nufi tashar Bassam, motocin woro-woro na nan cike, ba mai tare ki, kuma addu'ar hanya da na yi miki a farkon takardar nan ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Abin da zan yi da nawa shirun bayan haka, wallahi ban sani ba, na tambayi kaina har na gaji. Amma ni gobe in Allah Ya kai mu, in na idar da walaha, tashar bato zan tafi. Zan zauna a bencin da ke kallon Plateau, da shuɗin mayafina, daga ƙarfe bakwai da rabi. Ni na ce a kashe. In manyanki na son jin haka daga bakina, zan hau benen nan in faɗa musu da Faransancina na kasuwa, su yi dariya in sun ga dama. In ba a bar ni na shiga ba, zan jira a ƙasa. Akwatin ki bar shi a gida, ba ya gudu.

Allah Ya tsare ki a tudu da ruwa, Ya tsare kayan mutane a hannunki, Ya sa ki ji kukan gaskiya cikin kukan banza. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya ba Kuwame mafita, Ya saka wa Akisi da abin da ni ban iya ba. Ya yafe mini abin da na koya miki ban sani ba.

Ramatu. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Ramatu, ina bakin ruwa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Zainabu